Bikin Kamun Kifi da Al'adu na Argungu: Tarihinsa da Rabon Masu Fasahar Karkara a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa fasaha ba ta rayuwa sai da fage. Makaɗi da mawaƙi, ɗan kokawa da ɗan dambe, masaƙi da baduku, kowannensu yana bukatar wurin da jama'a za su taru su ga abin da ya iya, su yaba, sa'an nan su saka masa gwargwadon hali. Wanda yake da ubangida a fada, ƙofar fada ita ce fagensa, cinsa da shansa da suturarsa kuwa suna wuyan ubangidan nan. To, amma mafi yawan masu fasaha ba su da wannan gata. Manoma ne da damina, in kaka ta yi aka kai amfanin gona rumbu sai su saɓa ganga ko su ɗaura warki, su bi kasuwanni da gidajen biki suna neman abin rufin asiri. Ba su da albashi, ba su da sarauta, ba wanda ya ɗauki nauyinsu sai jama'ar da ke kallonsu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin bikin kamun kifi da al'adu na Argungu, a duba matsayin irin waɗannan mutane a cikinsa. An zaɓi bikin Argungu ne domin yana cikin bukukuwan yanki mafiya daɗewa a Nijeriya ta Arewa, kuma ya ratsa hannun masarauta da En'e da gwamnatin jiha, har sunansa ya kai ga Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambayar da za a bi ita ce: a cikin shekara casa'in da ɗoriya da aka yi ana wannan taro, yayin da sunan bikin yake ƙara ɗaukaka, shin rabon masunci da makaɗin ƙauye ƙaruwa ya yi ko raguwa?

2.0 Ƙasar Kabi da Ruwanta

Ba a fahimtar bikin Argungu sai an fahimci dangantakar Kabawa da ruwa. Daular Kabi ta kafu ne a farkon ƙarni na 16, sa'ad da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Sanwai wajen shekarar 1516, ya gina birninsa a Surame. Ƙarfin daular ya dogara ga fadamar Gulbin Kabi, watau kwarin da ruwan Rima da na Sakkwato suke bi bayan sun haɗu, har su faɗa Kwara. Kowace shekara ruwa yakan cika ya malale fadama, in ya janye ya bar laka mai kyau ga shinkafa, ya kuma bar tafkuna da gurabu cike da kifi. Daga nan ne Sarkawa, masunta na gado, suka bazu da jiragensu har bakin Kwara da gaba.

Su a ƙasar Kabi yana da shugabanni da dokoki. Akwai Sarkin Ruwa, wanda alhakin lafiyar ruwa yake hannunsa, kuma jama'a sun yi imani cewa shi ne ke sallamar kadoji kafin mutane su shiga. Akwai kuma Homa, shugaban masunta, wanda sunan sarautarsa ya yi kama da sunan ragar hannun da ake su da ita. Akan hana taɓa wasu gurabu tsawon watanni domin kifi ya hayayyafa ya girma, ba a shiga sai ranar da aka ba da izini, ranar nan kuwa kowa da kowa zai faɗa ruwa gaba ɗaya.

Tun kafin zuwan Turawa Kabawa suna da bukukuwan gargajiya da suka danganci wannan tsari. Waɗanda aka fi ambata su ne gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa. Gyaran ruwa neman kariya ne daga sharrin abin da ke cikin ruwa, fashin ruwa shi ne buɗe lokacin su, gyaran gari neman lafiyar gari da albarkar shekara, shan kabewa kuwa bikin 'yan bori ne na bayan kaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi ba tare da kiɗa ba. Abin lura kuma ga masu nazarin harshe shi ne, wasannin ruwa na wannan ƙasa, irin su tseren jirage da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, a dunƙule sunansu kabanci. Kalmar nan ita ce dai ake kiran karin harshen Kabawa da ita. Ke nan a ganin mutanen ƙasar, gwaninta a cikin ruwa da zama Bakabe abu guda ne.

3.0 Rabe-raben Masu Kiɗa da Waƙa

Masana adabin baka sun saba karkasa makaɗan Hausa dangane da wanda suke yi wa kiɗa. Kashi na farko makaɗan fada, waɗanda suke riƙe da ubangida guda, kayan kiɗansu kuma irin su kotso da taushi da tambari da algaita na sarauta ne. Lardin Sakkwato ya yi fice da irinsu. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a ƙofar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo kuma ya zauna a Argungu yana yi wa Sarkin Kabi waƙa kafin ya koma Yawuri. Irin waɗannan akan ba su gida da gona da doki da riguna, amma ba su da ikon yi wa wani waƙa sai da yardar ubangidansu.

Kashi na biyu makaɗan sana'a da na maza, waɗanda suke bin wata ƙungiya: masu gangar noma suna bin manoma wurin gayya, masu kalangu suna tare da mahauta da 'yan dambe, masu dundufa da maƙera, masu garaya da mafarauta da 'yan bori. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda waƙoƙinsa suka ɗaukaka sunan Shago a fagen dambe, yana cikin wannan kashi. Kashi na uku su ne makaɗan jama'a, masu yi wa duk wanda ya kira su, tare da 'yan kama da 'yan gambara da gardawa da mata masu kiɗan ƙwarya.

Kashi na biyu da na uku su ne wannan maƙala take nufi da masu fasahar karkara. Arzikinsu yana rataye ne ga yawan taro. Makaɗin dambe ba ya samun komai sai an buɗe fage, ya kaɗa taken ɗan dambe, shi kuma ya yi kirari ya fito, masu kallo su yi kari, ɗan ma'abba ya ɗaga murya ya faɗi sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar, wannan kuma ya zuga na kusa da shi ya sa hannu aljihu. Idan taron na ƙauye ɗaya ne, abin da za a samu kaɗan ne, sunan makaɗi kuma ba zai wuce gundumarsu ba. Saboda haka duk wani taro da zai haɗa ƙasashe da yawa a wuri guda babbar dama ce a gare su.

4.0 Ziyarar 1934

Irin wannan taro ya samu ne ta hanyar siyasa. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, amma wani ɓangare na gidan sarautar bai miƙa wuya ba. Sarkin Kabi Karari ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, bayan ya daɗe a tsare a Sakkwato, ya sake ɗaga tutar Kabi a Argungu a 1849, ya kuma sami goyon bayan Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Daga nan aka yi ta yaƙi tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato, in ban da ɗan sararin da aka samu na sulhun da ake kira Lafiyar Toga, a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Turawan Ingila sun iso Argungu a 1902 zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Yaƙi ya ƙare, amma gaba ba ta fita daga zukata ba. Bugu da ƙari, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Kabi da yawancin ƙawayenta na yamma, suka faɗa ƙasar da ta zama Jamhuriyar Nijar.

A shekarar 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ana ɗaukar wannan ziyara a matsayin rufe babin gabar da ta haura shekara ɗari. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne irin tarbar da aka zaɓa a yi wa baƙon. Hawan dawaki da bushe-bushen fada abubuwa ne da Sakkwato ta fi kowa, ga shi kuma suna tuna wa mutane fagen fama. Sai Kabawa suka nuna abin da yake nasu na kansu, wanda kuma babu ƙanshin yaƙi a cikinsa, watau su. Aka tara masunta suka faɗa ruwa a gaban sarakunan biyu.

Ma'anar wannan ita ce, tun ranar farko talaka ne tauraron bikin. A hawan salla sarki ake fitowa kallo, jama'a suna gefe. A bakin Matan Fada kuwa sarki ne yake zaune yana kallo, masunci da gorarsa da homarsa su ne a tsakiyar fage, makaɗa suna cikin jirage suna zuga su. Wannan juyin matsayi shi ne ya bambanta bikin Argungu da sauran tarukan sarauta, kuma shi ne ma'aunin da za a auna sauye-sauyen da suka biyo baya.

5.0 Bikin a Zamanin En'e

A shekarun farko ba kowace shekara ake yin taron ba, an fi shirya shi idan za a karɓi wani babban baƙo. Sannu a hankali ya zauna ya zama na shekara-shekara, yana faɗowa a ƙarshen sanyi, wajen watan Fabrairu ko Maris. Lokacin ya dace ta kowace fuska: ruwa ya ja baya har mutum yana iya tsayawa a wurare da yawa, an gama girbin shinkafa, aljihun manomi da ɗan nauyi, kuma shi ne lokacin da 'yan kokawa da 'yan dambe suke yawon neman abokan karawa.

A wannan zamani ragamar taron tana hannun Sarkin Kabi da majalisarsa. Bisa al'adar tarukan En'e, kowane hakimi yakan zo da jama'arsa, cikinsu har da makaɗa da gwanayen wasa na ƙasarsa. Amma bayan waɗanda aka gayyata akwai ninkinsu da suka kawo kansu, domin biki na farar kaza ne, balbela ba ta bukatar gayya. Mai goge ya sami gindin bishiya ya zauna, 'yan tauri su buɗe nasu fage, mata su kifa ƙwarya a gidan da suka sauka, masu tabarmi da tukwane da kayan fata su baje a bakin hanya. Ba wanda ya rubuta sunansu, ba kuma wanda ya hana su.

Amfanin da mai fasaha yake samu a irin wannan taro iri uku ne. Na farko kyautar nan take daga hannun 'yan kallo. Na biyu suna, domin wanda ya burge a Argungu labarinsa zai bi fatake da masunta zuwa Gwandu da Yawuri da Dosso da Dogon Dutsi, daga nan sai kiran biki da na gayya su riƙa zuwa masa har faɗuwar ruwa. Na uku koyo, domin a nan ne yaron makaɗi yake jin salon wata ƙasa, ɗan kokawar Kabi ya gwada ƙarfinsa da na Arewa ko Zabarma. Ta wannan hanya bikin ya riƙa ɗinke zumuncin da iyakar Turawa ta yanke. A cikin wannan zamani ne kuma aka mai da tsohon gidan sarauta, wanda sarki ya tashi daga cikinsa a 1942, ya zama gidan tarihi na Kanta a 1958, aka tara kayan yaƙi da na su da na kiɗa a ciki.

6.0 Shigowar Gwamnati

Shekarar 1967 ta kawo babban sauyi. An rushe Jihar Arewa aka ƙirƙiro jihohi, Argungu ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma, wadda Usman Faruk ya yi wa gwamna. Ba da daɗewa ba aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali. Wannan ya taɓa masu fasaha ta fuska biyu. Sarakuna da hakimai ba su da sauran ƙarfin riƙe makaɗa kamar da, har makaɗan fada da dama suka shiga yi wa attajirai da 'yan siyasa waƙa, suka zo suna cin kasuwa ɗaya da makaɗan jama'a. Ɗaukar nauyin manyan taruka kuma ya koma hannun gwamnati.

A 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya halarci bikin tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar. A lokacin hukuma tana neman duk abin da zai haɗa kan 'yan ƙasa, ga kuɗin man fetur sun fara shigowa. A shekarun nan ne aka fara bikin fasaha na ƙasa baki ɗaya, aka kafa majalisar kula da fasaha da al'adu ta tarayya a 1975, aka kuma yi gagarumin bikin FESTAC a 1977. Jihohi su ma suka kafa nasu hukumomin al'adu. Bikin Argungu ya shiga wannan sahu: aka tsara shi kwana huɗu, aka ƙara nunin amfanin gona da tseren motoci da wasannin dare a dandali, aka gina masaukin baƙi da rumfunan zama. Ya bi Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991.

Ba za a musa alherin da wannan ya kawo ba. Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe tun 1962, da gidajen rediyo da talabijin na jiha sun kai muryar makaɗan ƙauye inda ƙafarsu ba ta taɓa zuwa ba. Kokawa da dambe, waɗanda 'yan boko da wasu malamai suke yi wa kallon aikin banza, sun sami alƙalai da kyaututtuka da mutunci. Wasu wasanni da suke gab da ɓacewa sun sami dalilin ci gaba domin ana nemansu kowace shekara.

To, amma tsarin hukuma yana da nasa hali. Da farko dai ya kawo zaɓe. Wanda zai hau dandali sai ƙaramar hukumarsa ko hukumar al'adu ta sa sunansa, wanda kuwa ba shi da kowa a ofis sai ya tsaya a bayan shinge. Na biyu, ya kawo agogo. Kiɗan Hausa na sana'a yana tafiya ne da aikin da ake yi wa shi, gangar noma da kuyya, kalangu da naushi, kuma waƙar tana tsawaita ko ta gajarta gwargwadon yadda jama'a suka karɓe ta. Da aka ɗora shi bisa dandali aka ba shi 'yan mintoci, sai aka sami rawa da anko, aka rasa zuga da kirari da raha tsakanin makaɗi da masu sauraro. Na uku, ya juya fuskar mai wasa. Da yana tsakiyar da'ira jama'a sun kewaye shi, yanzu yana fuskantar rumfar manyan baƙi, ya ba talakawa baya, alhali kuwa daga hannunsu karinsa yake fitowa. Ladansa ya koma ɗan abin da aka ware a takarda, wanda sai ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso gare shi. Hausawa suna da karin magana a kan irin wannan rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

7.0 Ruwa da Kyauta

Akwai wasu abubuwa biyu da suka ƙara sauya bikin, ɗaya daga sama, ɗaya daga hannun mutane. Na farko ƙarancin ruwa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984 ya rage cikar gulbi. Sa'an nan aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka kuma gina ta Goronyo a kan gulbin Rima a shekarun 1980. Madatsun nan sun tare ruwan da a da yake malale fadamar Kabi, kifi kuwa a cikin wannan malala yake ƙwai ya yi kiwo. Da malala ta ragu sai kifi ya ragu, masunta da yawa suka koma noman rani ko suka yi ƙaura zuwa wasu ruwaye. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a lokacin bikin saboda ƙarancinsa. Wannan ya shafi fasaha kai tsaye, domin waƙar su da kirarin masunta da wasannin kabanci ba a makaranta ake koyonsu ba, yaro yana ɗaukarsu ne a cikin jirgi bayan ubansa. In sana'ar ta mutu a sauran watannin shekara, kwana huɗu ba za su rayar da fasaharta ba.

Na biyu girman kyauta. Da kamfanoni da manyan 'yan siyasa suka shigo, ladan wanda ya kama kifi mafi girma ya tashi daga abin yabawa ya koma dukiya, har da mota da kujerar Makka. Hankalin 'yan jarida da na baƙi ya tattara ga sa'a guda ta babban su da kuma ma'auni. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75. A 2008 kuwa an karɓe kyautar daga hannun wanda aka fara ba shi, bayan an gano cewa kifin ba a Matan Fada aka kama shi ba. Wannan abin kunya ya nuna inda aka dosa. Su na gayya ne, dubban mutane suke shiga, kowa ya fita da rabonsa. Da aka mai da shi caca, mutum ɗaya ya kwashe, sauran dubban da makaɗan da suka yini suna zuga su suka zama 'yan rakiya.

8.0 Shekarun Tsaiko

Bayan bikin 2009 sai taron ya tsaya. Ambaliyar 2010 ta yi ɓarna mai yawa a kwarin Rima da ƙasar Kabi, sa'an nan matsalar tsaro da ta addabi Arewa ta sa hukuma ta ji tsoron tara jama'a. Aka shekara goma ba a yi ba. A cikin wannan tsaiko ne, a ƙarshen 2016, hukumar UNESCO a taronta na Addis Ababa ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Watau an karrama bikin a duniya a daidai lokacin da ba a yin sa a gida.

Shekarun nan goma sun zama kamar gwaji. Fasahohin da suke da gindi a rayuwar yau da kullum ba su tsaya ba. An ci gaba da kokawa da dambe da kaka a garuruwa, makaɗan biki suna zuwa aure da suna, matasa kuma suka sami sabon fage a wayar hannu, inda waƙa take yawo daga hannu zuwa hannu ba da izinin kowa ba. Abin da ya tsaya cik shi ne duk wanda rayuwarsa ta rataya ga takardar gayyata daga ofis. An kuma yi hasarar abin da babu mai maye gurbinsa, watau haɗuwar ƙasashe a fage ɗaya. Yaron da yake da shekara goma a 2009 ya zama saurayi bai taɓa ganin dubban masunta sun ruga cikin ruwa lokaci guda ba.

An sake buɗe bikin a watan Maris na 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. Kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, mai shi ya sami naira miliyan 10 da wasu kyaututtuka. Jama'a sun yi cincirindo, abin da ya tabbatar da cewa ƙaunar bikin ba ta mutu ba. Sai dai 'yan kwanaki bayan watsewa annobar korona ta sa aka hana taruka, kuma a shekarun da suka biyo baya bikin bai koma kan ƙa'idarsa ta shekara-shekara nan da nan ba.

9.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa bikin Argungu ya fi amfanar masu fasahar karkara a lokacin da ya kasance buɗaɗɗen fage, mai zuwa a kan lokacinsa, wanda kowa yake iya shiga ya nemi rabonsa kai tsaye daga hannun jama'a. Hukuma ta kawo suna da gine-gine da manyan kyaututtuka, amma ta sa shinge tsakanin mai wasa da mai kallo, ta kuma ɗaura rayuwar bikin ga kasafin kuɗi da yanayin siyasa, har ya zama in gwamnati ba ta shirya ba, ba a yi. Kafin 1934 kuwa Kabawa ba su jiran kowa kafin su yi fashin ruwa.

Daga wannan ana iya fitar da abin da ya kamata masu shirya irin wannan biki su kula da shi, a Argungu ko a wani wuri. A bar wa waɗanda ba a gayyata ba filin da za su buɗe fagensu. A rarraba kyauta ta game makaɗa da mata masu waƙa da masu sana'ar hannu, maimakon a tara ta a kan kifi guda. A bar wa Sarkin Ruwa da Homa da shugabannin makaɗa ta cewa a cikin shiri, domin su suka san mutanensu. A kuma riƙa sakin ruwa daga madatsu a kan lokaci saboda fadama ta sha, tun da sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan jami'o'i da sassan nazarin Hausa: sunayen sarakunan da suka halarci bikin da nauyin kifayen da aka kama suna nan a rubuce, amma taken masunta da kirarinsu da waƙoƙin matan Kabi yawancinsu suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuwa suna ta tafiya. Ɗaukar waɗannan a faifai da rubuta su aiki ne da ba ya jiran sai an buga gangar biki.